Zango da kyautar bana: wariya ce, ko ba a shiga fili ba?

(Hirar wasu mutanen Maradi ce, a farkon 2025.)

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum jama'a. Ku rubuta ku ajiye, ni na faɗa: bana shekarar Adam A. Zango ce. Fim ɗin da ya fito a ciki, Mai Martaba, shi Najeriya ta zaɓa ta aika gasar Oscar. Fim na Hausa, a Daura aka ɗauke shi, nan kusa da mu. Mutumin da fim ɗinsa ya kai can, wace kyautar gwarzon jarumi ce za ta gagare shi a Afirka? In aka zo rabo a Legas aka tsallake shi, to ba komai ba ne illa wariyar da aka saba yi wa Bahaushe. Mai ja ya fito.

Hajiya ta Zariya: Wa alaikumus salam. Kai ɗana, da sanyin safiyar nan? Ka fita aiki kuwa?

Ɗan Mokoyo: Ina bakin tasha Hajiya, hunturu ya hana fasinja fitowa. Babur na kashe, shi ya sa na samu sarari.

Mushe: To ƙanena, ga mai ja ya fito, amma ba a kan iyawar Adamu ba. Abu biyu ka cakuɗa. Aikawa daban, shiga daban. Kowace ƙasa tana da damar aika fim ɗaya a shekara zuwa ɓangaren finafinan ƙasashen waje, kuma kwamitin ƙasar ne ke zaɓa, ba mutanen Oscar ba. A wannan karon ƙasashe sama da 80 suka aika. Ranar 17 ga Disamba 2024 aka tace aka bar 15, babu Mai Martaba a ciki. Daga duk Afirka fim ɗin Senegal kaɗai ya tsallake, Dahomey na Mati Diop, shi ma da aka fitar da biyar na ƙarshe ranar 23 ga Janairu sai ya tsaya a hanya. Sannan ko da fim ɗin ya ci, wannan kyauta ba ta jarumi ba ce. Ta fim ce da ƙasarsa, darakta ke hawa ya karɓa.

Ɗan Mokoyo: Mushe, ni ban ce zai ɗauko Oscar ba. Cewa na yi zaɓen da aka yi wa fim ɗin ya isa shaida. Duk finafinan Legas na nan, aka tsallake su aka ɗauki namu.

Mushe: Aka tsallake mafi yawansu saboda da Turanci aka yi su. Dokar ɓangaren ce fiye da rabin maganar fim ta kasance ba Turanci ba. Ka tuna abin da ya samu Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019, an aika shi aka mayar da shi saboda Ibon da ke ciki 'yan mintoci ne. Tun daga ranar duk fim ɗin da aka yi da harshen gida ya samu gata a wajen kwamiti. Ban rage wa Mai Martaba daraja ba, amma abokan takararsa ba su kai yadda kake zato ba.

Ɗaliba: Gafara Mushe, kada mu rufe ƙofar gaba ɗaya. Bana ma ga Fernanda Torres ta Barazil, da harshen Fotugis ta yi wasanta, ta ci kyautar Golden Globe a farkon Janairun 2025, sunanta kuma ya shiga cikin mata biyar masu neman Oscar ta jaruma. Ke nan harshe ba ya hana jarumi shiga.

Mushe: Gaskiyarki ɗiyata, amma dubi hanyar da ta bi. Fim ɗinsu a bikin Venis ya fara fitowa a 2024, ya ci kyautar rubutun labari a can. Wani babban kamfanin rarraba finafinai na Amurka ya ɗauke shi ya sa a sinimomin can, don sharaɗi ne fim ya yi aƙalla kwana bakwai ana nuna shi a ɗaya daga cikin manyan biranen da suka ware kafin 'yan wasansa su shiga takara. Daga nan aka yi ta yawo da ita, hira nan, liyafa can, har masu jefa ƙuri'a, mutum wajen dubu goma, suka san fuskarta. Wa zai yi wa Adamu wannan hidima?

Mai Tura Fim: Ku dakata haka nan. Tambaya ɗaya gare ni. A cikinmu wa ya kalli Mai Martaba daga farko har ƙarshe?

Hajiya ta Zariya: Ni dai ban gani ba. Na aiki yarinya wajenka ka ce babu.

Direban Kano: Ni ma talla kawai na gani a salula.

Mai Tura Fim: Ɗan Mokoyo fa?

Ɗan Mokoyo: Ai ba sai na gani ba, na san aikin mutumina.

Mai Tura Fim: Yawwa, inda nake son a zo ke nan. Ni kullum ina rumfata kusa da babbar kasuwa, kwamfuta ɗaya da faifan ajiya biyu. Da hantsi yara ke fara zuwa, matan gida sun aiko su da memori a ƙulle cikin leda, wani lokacin da 'yar takarda an rubuta sunan shiri da lambar kashin da aka tsaya. Dala biyar kashi ɗaya, in dogon fim ne dala goma. Abin da ake nema ba ya canzawa: ci gaban Labarina, ci gaban Izzar So, fassarar Indiya, da duk abin da Adamu ya ɗora a tasharsa ta YouTube. Wata tsohuwa ma ba ta san sunan shiri ba, cewa take a sa mata na yaron nan mai rawa. Tun da aka fara maganar Oscar ba a rasa mai tambayar Mai Martaba, ni kuma abin da ke hannuna talla ce ta 'yan mintoci. Dawaki, rawuna, takubba, shi ke nan. To yanzu muna ta da jijiyar wuya a kan wasan da babu wanda ya gani a cikinmu.

Mushe: Kuma ka san dalilin da ya sa bai iso ka ba. Fim ɗin da ake son kai wa gasa tsare shi ake yi, sinima da bukukuwa kawai. Ranar da ya faɗo hannunku, kafin la'asar ya kai Tasawa da Dakoro, babu kamfanin da zai sake sayensa da daraja.

Mai Tura Fim: A'a Mushe, kar a ɗora mana. Da akwai sinima mai aiki a unguwa da kuɗin shiga daidai aljihu, da wa zai zo wajena? Mu muka sa aka san su a ƙauyen da ko kuran babu. Lokacin da Najeriya ta yanke wuta a 2023, da janareto na riƙa tura finafinansu, iyaka a rufe amma shiri bai fasa zuwa ba.

Ɗan Mokoyo: Ku bar zancen Oscar, mu dawo gida. AMVCA fa, kyautar finafinan Afirka da ake rabawa a Legas? Da can akwai kyauta ta fim ɗin Hausa shi kaɗai. Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018, Aisha na Maishadda ya ci a 2023. A 2024 sai suka share ta, suka ce wai harsunan Afirka ta Yamma duka a kwando ɗaya. Wa ya ci? Jagun Jagun, na Yarbawa. In wannan ba wariya ba ce, a gaya mini sunanta.

Direban Kano: Nan ina bayan yaron nan. Ina jin yadda 'yan fim ke magana in na sauke kaya a Kano. Kujera ɗaya ce muke da ita a ɗakin, aka ɗauke.

Mushe: Ba tamu kaɗai aka ɗauke ba, Malam. Ta Yarbanci da ta Ibo ma an narkar da su cikin wannan kwandon. Kowa ya rasa kujerarsa.

Ɗaliba: Mushe, a takarda haka ne, amma a aikace ba ɗaya ba ne. Jagun Jagun a Netflix ya fito, an kashe masa kuɗin da fim ɗin Kano bai saba gani ba, mai shi kuma yana zaune a inda ake rabon. In ka haɗa mai ƙarfi da marar ƙarfi ka ce ka yi adalci don doka ɗaya ka sa musu, ka san wanda zai fito. Ni ban kira shi ƙiyayya ba, amma sakamakonsa da na ƙiyayya duk ɗaya ne a wajenmu. Sai dai Yaya Ɗan Mokoyo, akwai wani canjin da aka yi a 2024 ɗin da ya fi shafar maganarka. Kyautar babban jarumi da ta jaruma sun fita daga hannun masu kallo, sun koma hannun alƙalai. Da can yawan masoya na iya ɗaga mutum. Yanzu ko duk Maradi da Damagaram da Katsina za su kwana suna danna waya, ba zai ƙara masa komai ba.

Ɗan Mokoyo: Kin gani! Da suka ga muna da yawa sai suka ƙwace ƙuri'ar.

Ɗaliba: Ko kuma da suka ga mai yawan mabiya a Instagram na kayar da wanda ya fi iya wasa. Wale Ojo ne ya ci a shekarar, kuma ba shi ne ya fi kowa mabiya ba.

Mushe: Bari in kawo muku abin da ke rusa zancen wariya. AMAA, wata kyautar finafinan Afirka daban, wadda tun kafa ta a 2005 alƙalai ke yanke hukunci, ta ba Ali Nuhu kyautar jarumi mai tasowa a 2007 saboda Sitanda. A 2020 The Milkmaid, fim da Hausa da Fulatanci, ya ci gwarzon fim na shekara, Maryam Booth kuma ta ɗauki kyautar mataimakiyar jaruma. 'Yar Kano ce, 'yar gidan fim ɗin Hausa gaba da baya. Da ƙin Bahaushe ake, da ba ta hau dandamalin ba.

Ɗan Mokoyo: Madalla Mushe, ka kawo mini makami da hannunka. Wa ya ba da umarnin Sitanda? Izu Ojukwu. Wa ya yi The Milkmaid? Desmond Ovbiagele. Wato ba a ganin ɗan wasanmu sai ɗan kudu ya riƙo hannunsa ya shigo da shi. Duk finafinan da aka yi a Kano shekara da shekaru, babu wanda ya isa?

Direban Kano: Kai, wannan ta shiga.

Mushe: Ta shiga, ban musa ba. Amma karanta ta ta ɗaya gefen. Ɗan wasan bai canza ba, Ali Nuhun da ke Kano shi ne a Sitanda. Abin da ya canza shi ne abin da aka kewaye shi da shi: rubutu, sauti, lokacin da aka ba aikin, da mutumin da ya san ranar da ake rufe karɓar finafinai ya cika takarda ya aika. Wannan na nuna 'yan wasanmu sun isa. Masu shirya finafinan ne ba su sa gasa a lissafinsu ba.

Hajiya ta Zariya: Ku bar ni in yi magana a kan yaron shi kansa, tunda kun tsaya kan takardu. Ni tun zamanin kaset nake kallonsa. Allah Ya ba shi abin da ba a koya a makaranta. In ya shigo hoto, ko mutum goma ne a tsaye, shi idonka zai bi. Kuma ya iya shiru. Akwai yadda yake sunkuyar da kai in an gaya masa magana mai zafi, ya ɗan ja numfashi kafin ya amsa, sai ka ji abin a ƙirjinka. Yawancin yaran yanzu ihu suka ɗauka shi ne wasa. Amma ɗana, tsakani da Allah, sau nawa ka ga ya fito a matsayin da ba shi ne gwani ba? A Basaja shi ne mai wayon da ya fi kowa, a Gwaska shi ne wanda ba a iya kamawa. Kullum shi ke da gaskiya ko shi ke da nasara. Ni ina son in gan shi a tsohon da 'ya'yansa suka guje shi, ko matsoraci, ko mijin da ya zalunci matarsa kuma fim ya ƙare bai tuba ba. Ranar da ya yarda mu tsane shi na awa biyu, ranar zan ce a ba shi kyauta.

Ɗan Mokoyo: Haba Hajiya, masoya ba za su yarda ba.

Hajiya ta Zariya: To ka ga matsalar. Ku ne kuka ɗaure shi.

Mai Tura Fim: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ni shaida ne. In aka kashe jarumi a shiri ko aka wulaƙanta shi, washegari masu zuwa da memori raguwa suke. Wata ma aiko yaro take ya tambaya ko ya dawo, in bai dawo ba a mayar mata da kuɗinta.

Ɗaliba: Akwai kuma abin da ba laifinsa ba ne. Tun da kasuwar faifai ta mutu, abincin 'yan fim ya koma shiri mai dogon zango, a YouTube ko a tashoshi irin Arewa24. Kowane mako sai an fitar da kashi, in an yi fashi masu kallo su koma wani. Da wannan gaggawa ba a zama a yi wata ana atisaye a kan hali ɗaya. Kuma tallar da YouTube ke sa wa mai kallo a Nijar ko Arewa ba ta biya kamar ta mai kallo a Turai, sai an tara kallo mai ɗimbin yawa kafin a mayar da kuɗin aiki. Sai a ja labari, a ƙara waƙa, a maimaita abin da aka san yana tafiya. Shi kuwa alƙalin gasa fim ɗaya yake so, mai farko da ƙarshe. Ga kuma fassarar ƙasan hoto. Alƙalin da ba ya jin Hausa ita yake karantawa. Jarumi zai yi habaici mai ratsa jiki, a rubuta masa Turancin da ba kai ba gindi, har da kuskuren rubutu. Mu muna hawaye, shi yana ƙoƙarin gane abin da aka ce.

Baba na Bagalam: Ɗiyana, ina biye da ku tun ɗazu, jikana ka rubuta mini. Kuna ta duban Legas da Amurka, kun manta da abin da ke bayan gidanku. Mu da munka yi kallo a sinima marar ruhi, ana zaune bisa benci ana kallon Indiya da kaboyi, mun san sunan Umaru Ganda. Ɗan Yamai ne, ya yi soja a Indocin, kuma da wasa ya hwara, a fim ɗin Bature Jean Rouch, kahin ya koma shirya nashi. A 1972, shekarar da anka hwara ba da babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da aka yi a Wagadugu, shi ya ɗauke ta. Ɗan Nijar ne na hwarko a duk Afirka. Har yau akwai kyauta da sunanshi a bikin, ta wanda ya yi dogon fim nashi na hwarko, ga kuma gidan al'adu da sunanshi a Yamai. Na 2025 daga 22 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris ne. Akwai kyautar gwarzon ɗan wasa a can. Mi ya hana 'yan Kano tahiya?

Ɗan Mokoyo: Allah Ya ƙara girma Baba. Amma wannan ai ta masu Faransanci ce.

Mushe: Ba haka ba ne ƙanena. Newton Aduaka ɗan Najeriya ne, ya ɗauki babbar kyautar a 2007. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, miliyan 20 na sefa ake haɗawa da ita.

Baba na Bagalam: Bari in ba ka misali da abin da ka sani. Kokowa. Kowane gari da nashi gwani, wanda ba a taɓa kai bayanshi ƙasa ba a dandalin unguwa. Amma takobi ba a aika wa mutum shi gida don ana sonshi. Sai jiharshi ta zaɓe shi cikin goma, ya tahi ya shiga hili da sauran, a gwada. Kantu namu na Maradi da ya ɗauki takobin hwarko a Tawa a 1975, tahiya ya yi. Yaronku gwani ne, na yarda. Ku hwara tambaya ko an kai shi hilin, kahin ku ce alƙali ya yi son kai.

Direban Kano: Baba ya gama magana.

Ɗan Mokoyo: Bai gama ba, da girmansa. Baba, a kokowa kowa na ganin wanda ya faɗi. A fim mutum biyar ne ke shiga ɗaki su rufe ƙofa su fito da suna. Kuma yanzu ba mu da uzurin rashin namu a sama. Ali Nuhu ne shugaban hukumar finafinai ta Najeriya tun Janairun 2024. In bana ma ba a ga Bahaushe a dandamali ba, to me kujerar ta amfana?

Mushe: Kujerar ba ta rabon kyauta ba ce. AMVCA ta kamfanin MultiChoice ce, AMAA ta masu zaman kansu ce, kwamitin da ke zaɓen fim ɗin Oscar ma ba ofishinsa ba ne. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne makarantar koyon fim ta Jos da bikin Zuma na Abuja. In zai yi wa Kannywood amfani, ta wajen horar da masu sauti da masu rubutu ne, kuma wannan ba a ganin amfaninsa a shekara guda. In kuwa ya ɗaga waya ya ce a ba wane kyauta, kai da kanka za ka fara cewa an yi magudi, musamman in ba mutuminka aka ba.

Hajiya ta Zariya: Ato. Dama masoyan Ali Nuhu da na Adamu ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, su kuwa masu abin suna gaisawa.

Mai Tura Fim: Ni fa har yanzu ban ga abin da kyautar za ta ƙara mana ba. The Milkmaid ya ci abin da ya ci, amma ban taɓa ganin layi a rumfata saboda shi ba. Fati Nijar 'yar garin nan ce, muryarta ta shiga gidajen da ba su da iyaka, wace kyautar Legas ta kai ta can? In neman kyauta zai sa Adamu ya koma yin finafinan da sai mai kuɗin zuwa Abuja zai gani, ni gara ya zauna yadda yake.

Ɗaliba: Yaya, ba don mu ake nemanta ba, don masu zuba kuɗi ne. Kamfanin waje ba ya sanin yawan memorin da ke zuwa rumfarka, amma yana ganin sunan da ya fito a jerin gasa. Da wannan sunan ake samun jarin da za a biya mai rubutu ya zauna wata shida. Kuma ba dole ne ya zaɓi ɗaya ba. Femi Adebayo mai Jagun Jagun yana yin na kasuwa, yana yin na gasa.

Mai Tura Fim: Shi yana da Netflix a bayansa.

Ɗaliba: Da ma ba da ita ya fara ba. Amma ni maganar Baba ce ta tsaya mini. In fim ɗin Hausa zai je Wagadugu, yana buƙatar fassarar Faransanci mai kyau a ƙasan hoto. Wa ya fi mu iya wannan? A jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kaɗai akwai ɗaliban da suka tashi da Hausa a gida, suka yi karatu da Faransanci tun daga firamare. Kano ba ta da irinsu da yawa. Kullum muna matsayin masu saye, alhali akwai aikin da mu ne ya kamata a nema.

Mushe: Shawara ce mai kyau, sai dai fassarar fim sana'a ce, ba jin harshe biyu kawai ba. Layi biyu ne a ƙasan hoto, daƙiƙa kaɗan, dole ki matse karin magana a ciki ba tare da kin kashe ta ba. Kuma wa zai biya? Furodusan da ke ƙorafin kuɗin abincin ma'aikata ba zai aiko da jika ɗari Maradi don fassara ba, sai ya ga abin da zai samu.

Ɗan Mokoyo: Duk kun zagaya kun zagaya, ni ina nan kan bakata. Mu ƙulla: in jerin AMVCA ya fito babu sunan Zango cikin manyan jarumai, zan ɗauki Mushe kyauta zuwa lakwal har wata guda. In akwai, shi zai cika mini tanki.

Hajiya ta Zariya: A'uzubillahi. Caca a gabana, ga azumi na ƙaratowa? Ku rufa mana asiri.

Mushe: Hajiya ta hana, kuma dama ba zan karɓa ba, don ka sauya magana. Da safe cewa ka yi zai ci, yanzu ka koma ko sunansa zai fito. Ni abin da nake gani, fim ɗin kansa yana da hanyar shiga ɓangaren harsunan gida, a nan zaɓen da Najeriya ta yi masa zai yi nauyi. Amma kyautar babban jarumi, inda zai kara da waɗanda aka gina fim gaba ɗaya a kansu, kuma alƙalan sun kalla a harshen da suke ji, ban ga alama ba bana.

Ɗan Mokoyo: In fim ɗin ya shiga shi bai shiga ba, ai maganata ta tabbata.

Ɗaliba: Ba ta tabbata ba sai mun san abu biyu, Yaya: ko masu fim ɗin sun gabatar da sunansa a wannan ɓangaren, da kuma girman rawar da ya taka a ciki. Fim ne na sarauta mai mutane da yawa. In ba shi ke ɗauke da labarin ba, ɓangaren mataimaki ne nasa, ba na babban jarumi ba.

Direban Kano: Wannan mai sauƙi ce. Jibi in Allah Ya kai mu ina da lodi, ta Ɗan Isa zan bi. In na sauke zan leƙa Zoo Road, ofisoshin 'yan fim na nan birjik, ba za a rasa wanda ya san yadda aka yi ba.

Mai Tura Fim: In ka je ka tambayo mini ranar da za su sake shi, mutane sun ishe ni.

Mushe: Kai kuma kar ka ce musu sana'arsa.